An Yafe wa Kawu Laifina

Na Allah ne mu duka, kuma wurinsa za mu koma. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya riga mu tafiya da safiyar wata Talata, bayan ya sha koko ya ce a shimfiɗa mashi tabarma a inuwar dogon yaron tsakar gida. Da azahar aka sallace shi, kafin la'asar mun dawo daga maƙabarta.

Ƙofar gida ta cika har an tare hanya. Tsofaffin ma'aikatan da suka yi zaman biro, wato ofis, da shi suna ta tuna cewa shi ne na farko a cikinsu da ya taɓa ordinata, wato kwamfuta, lokacin da sauran ke tsoron ta. Masu gyaran famfo sun zo bisa babura daga Barmu da ƙauyukan kewaye, wasu da baƙin mai a farce. Ɗaya daga cikinsu ya ce bai taɓa kiran shi a salula ya ba shi aiki ba sai ya fara tambayar ko ya ci abinci. Maƙwabcinmu, wani ɗan kasuwa mutumin Maraɗi, ya ce shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsu, bai taɓa jin muryarsa ta tsallako ba. Mahaifiyata kuwa ba ta yi kuka da ƙarfi ba, tana dai maimaita wa matan da ke kewaye da ita cewa yanzu babu sauran mai yi mata faɗa a duniya.

Ranar sadakar uku wani dattijo ya sauko daga motar kasuwa, mai garin wani ƙauye ne da ke arewa da Tebaram. Da aka gama addu'a, liman ya sake faɗin abin da ya faɗa a bakin kabari, cewa duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe mashi. Sai dattijon nan ya miƙe, ya gyara rawaninsa.

"Ni da mamacin ga akwai magana tsakaninmu, wasunku sun sani," in ji shi. "Bara ya bar garina kwana goma sha tara ba ruwa. Na taho in ce gaban jama'a mun yahe mashi, duniya da lahira."

Mutane suka yi ta sa mashi albarka. Ina tsaye da tiren dabino a hannu, na ce amin tare da su.

Abin da aka yafe wa Kawu ranar nan ni na aikata shi. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Karatuna bai yi nisa ba, a aji na biyu na kolej na tsaya. Na yi gyaran salula a kasuwa har shagon ya mutu a hannuna, saboda zaman hira ya fi mani zaman aiki daɗi. Ina da shekara talatin da shida, da mata da ƴaƴa uku, ba ni da abin yi, Kawu ya aiko in same shi. A lokacin ya aje aikin gwamnati, yana riƙe da na'urar wata ƙungiya mai kula da famfunan ƙauyuka a arewacin Adar. Bai yi mani wa'azi ba. Ya nuna mani kujera ya ce in zauna in duba, kada in taɓa komai sai ya ce.

Tsarin tsoho ne, shi ya haɗa shi da hannunsa shekaru da yawa da suka wuce, a kan wata na'ura mai gurnani kamar injin niƙa. In famfon ƙauye ya lalace, sakataren kwamitin ruwa ya kan hau tudu inda ake samun rezo, wato sabis na waya, ya aiko da saƙo ta salula. Na'ura ta karɓa, ta amsa mashi da kalmomi biyu: "An karɓa." Daga nan saƙon ya shiga layi, bayan waɗanda suka riga shi. Akwai wani ƙaramin shiri a cikin na'urar, Kawu na kiran shi ɗan aike, shi ke ɗaukar saƙonni ɗaya bayan ɗaya daga gaban layi, ya tura wa mai gyaran wannan yanki, ya kuma rubuta a shafin ƙungiya na intanet don shugabanni su gani. In ɗan aike ya tsaya, saƙonni su yi ta taruwa a layi, na ƙauye na ganin an ji shi, mai gyara kuwa bai san komai ba.

Kuma yana tsayawa sau da yawa. Ni maganina ɗaya ne, wanda na koya a kasuwa: a kashe a kunna. Kawu ya tsani wannan. Ya kan ce mai kashe-kunna bai gyara komai ba, ya dai hana kansa sanin abin da ya lalace. Shi in layi ya tsaya, sai ya cire hularsa ya aje bisa tebur, ya jawo kayensa, littafin rubutunsa mai baƙin bango, ya bi tambayoyinsa huɗu a jere, ba ya tsallake ko ɗaya. Ɗan aike na da rai, ko wuta ta ɗauke bai tashi ba? Sunan layin da ake zuba saƙo, shi ne sunan layin da ɗan aike ke dubawa? Agogon na'ura daidai yake? Domin akwai ranar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu, ta koma shekarar da aka ƙera ta, ta ƙi taɓa kowane saƙo. Sai ta huɗu, wadda ya fi so: wa ke gaban layi, kuma me ya ce?

Yawanci nan matsalar take. Shirin ya girmi wayoyin yanzu. In wani ya sayi sabuwar salula ya ƙara ɗan hoton nan na hannuwa biyu a haɗe a ƙarshen saƙonsa don ladabi, ɗan aike ya ɗauka, ya kasa karantawa, ya faɗi, ya tashi, ya sake ɗaukar wannan saƙon dai, ya sake faɗuwa. Duk na baya su tsaya. Kawu ya kan cire saƙon a hankali ya aje shi gefe, ya karanta da idonsa, ya kira mai gyara da bakinsa, sa'annan ya saki sauran su wuce. Wani lokaci ya kira mai saƙon ma, ya gode mashi da addu'ar, ya roƙe shi ya riƙa yin ta da baki.

A shafin da muke aiki akwai wani jan maɓalli a kusurwar dama, mai share layi gaba ɗaya. Kawu ya yanko filastar likita ya manna a kan gilashin na'urar, daidai inda maɓallin ke fitowa. Ranar da na tambaye shi, ya ce kowane saƙo a layin nan mutum ne da ya hau tudu cikin rana, kuma ba a korar mutane don a ce layi ya ragu.

Wata rana wani saƙo ya toshe layi, da muka buɗe ba maganar famfo ba ce. Wata tsohuwa ce ta sa aka rubuta mata, ta ji an ce lambar nan tana isar da saƙo. Ɗanta ya tafi bida, wato neman kuɗi, Abijan shekara huɗu, tana son a gaya mashi ubansa ya rasu. Na yi dariya na ce a jefar. Kawu ya dube ni ta saman tabarau. Kwana biyu ya yi yana kiran mutanen Adar da ke can, wannan ya ba shi lambar wancan, har ya samu yaron a wata tashar mota. Shi ya yi mashi gaisuwar ubansa.

Rigima ɗaya na san ya yi a biro ɗin nan, da shugaban ƙungiya, a kan kalmomin nan biyu. Kawu na so amsar ta zama "Ya shiga layi," domin a cewarsa "An karɓa" alkawari ne, kuma na'ura ba ta da bakin ɗaukar alkawari. Shugaba ya ce mutanen ƙauye ba su san wani layi ba, kuma masu ba da taimako sun fi son kalma mai kwantar da rai. Suka yi sati ba su gaisa da kyau ba. A ƙarshe Kawu ya bari, amma ya ce to shi zai zama mai cika alkawarin. Ya bi ƙauyuka a bayan babur, da tsufansa, yana gaya wa kowane kwamiti cewa in sun ga "An karɓa" kada su sake aikowa, don saƙo biyu kan tura masu gyara biyu wuri ɗaya, wani gari ya rasa. Su yi haƙuri su jira, shi yana nan. Suka yarda da shi.

Bara da bazara aka yi mashi aikin ido a likita, wato asibiti, yanar ido ce ta rufe mashi na hagu. Ya bar mani makulli. Kwana na uku da tafiyarsa na zo da safe na tarar layi ya tsaya, saƙo ashirin da uku a ciki. Ranar ce kuma shugaba zai kawo baƙi daga Yamai da ƙarfe goma su ga yadda tsarin ke aiki. Na kashe na kunna. Ɗan aike ya tashi ya faɗi. Na sake, har sau biyar. Kayen Kawu na cikin aljihun tebur, na san tambayoyin huɗu kamar sunana, amma ban taɓa cire saƙo daga gaban layi da hannuna ba, kullum kallo nake ina tunanin wani abu daban. Likita kuwa ba ta fi minti goma a kabu-kabu ba. Da na je na duƙa kusa da gadonsa, da ya gaya mani abin yi da idonsa a rufe. Abin da ya hana ni, ban so a ce shekara biyar ina zaune kusa da shi ban iya komai ba.

Goma saura kwata na ɓamɓare filastar na danna. Na'ura ta tambaye ni ko na tabbata, na ce e. Layi ya koma sifili, ɗan aike ya tashi lafiya, shafi ya yi kore. Ko saƙon da ya toshe layin ban karanta ba. Na maida filastar wurinta. Baƙi suka zo, shugaba ya aika saƙon gwaji daga salularsa, ya fito a shafi nan take, suka yi ta gyaɗa kai. Shugaba ya dafa kafaɗata.

Na gaya wa kaina cewa duk wanda abin ya dama zai sake aikowa. Na san ƙarya nake, don ina kan babur ɗin a wasu tafiye-tafiyen da Kawu ya hana su sake aikowa.

Bayan sati ya dawo biro da bandeji a ido, likita ya hana shi kallon gilashin na'ura. Ya zauna a kujerarsa ya tambaye ni ko layi lafiya. Na ce lafiya lau.

Kwana goma sha tara bayan abin da na yi, mai garin nan ya shigo biro ba sallama, sakatarensa na biye. Ya aje salula bisa tebur, kalmomin nan biyu na kan fuskarta da kwanan wata. Ya ce famfonsu ɗaya ne, ya mutu, sun aiko, an ce an karɓa, sun jira kamar yadda aka ce su jira. Mata na tafiyar rabin yini zuwa wata tsohuwar rijiya. Matar ɗansa, da cikin wata bakwai, ta faɗi a hanya da jarka a kai, cikin ya zube. Ya kira Kawu maƙaryaci, ya ce tsoho ne da ya ci amanar talakawa yana zaune ƙarƙashin fanka. Ya faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Shugaba na tsaye, masu gyara biyu na bakin ƙofa.

Kawu ya ɗauki salular ya kawo ta kusa da idonsa mai lafiya, ya daɗe yana duban kwanan watan. Sa'annan ya juya ya dubi gilashin na'ura, wajen filastar. Ni ban lura ba sai lokacin: a karkace na manna ta. Bai dube ni ba.

"Ni na ce ku jira, mai gari," in ji shi. "Ni ke riƙe da na'urar ga. Laihina ne."

A ranar ya tura mai gyara. A ƙarshen wata kwamitin ƙungiya ya zauna, aka ce shekaru sun kama shi, ido kuma ya tafi, ya kamata ya huta. Aka ba shi sati ɗaya ya miƙa aiki. Ni aka miƙa wa, saboda shugaba ya tuna ranar baƙi.

Wata goma sha ɗaya ya rayu bayan haka. Kowace Juma'a ina zuwa gidansa bayan masallaci, matarsa da muke kira Inna ta kawo mana fura, mu zauna a inuwar dogon yaro. Ba ya zuwa ɗaurin aure, ya daina zama a majalisar tsofaffin ma'aikata, ya ce ƙafa ce. In layi ya tsaya ina kiran shi, ya bi da ni tambayoyin huɗu a salula da haƙuri, kamar ranar farko. A wannan lokacin ne na iya cire saƙo daga gaban layi, abin da bai fi minti biyar ba. Sau da yawa in mun gama fura ya kan ce, "To, ɗan ƙanwata, akwai wani labari?" In ce babu, sai alheri. Ya ce madalla. Na ɗauka gaisuwa ce.

Washegarin sadakar uku Inna ta kira ni ɗakinta. Ta jawo kayen nan mai baƙin bango daga ƙarƙashin katifa ta aje a gabana, ta ce ya ce a ba ni in ya tafi. Na buɗe inda aka naɗe takarda. Na'ura tana rubuta duk abin da aka yi mata a wani littafi nata, na san da haka amma ban taɓa tunawa ba. Kawu ya kwafe bayanin ranar da rubutunsa mai girma na bayan aikin ido: kwanan wata, goma saura kwata, sunan da nake shiga da shi, saƙo ashirin da uku. A ƙasa ya jera lambobi daga ɗaya zuwa ashirin da uku. Inna ta ce wata biyu ya yi a tsakar gida yana kiran ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar ko sun aiko da saƙo a makon nan. Duk wanda ya samu ya rubuta sunan garin da abin da ya lalace, ya kira mai gyara ya roƙe shi don Allah, tunda ba shi da ikon ba da umurni kuma. Ya samo ashirin da biyu. Lamba ta ƙarshe ba komai a gabanta.

Na tambaye ta ko ta sani tuntuni. Ta ce tun ranar. Ta so ta je wurin mahaifiyata, ya hana ta.

"Ya ce in anka kore ka, ƴaƴanka uku mi za su ci. Ya ce kuma a ba ka lokaci, za ka taho da kanka ka hwaɗi. Duk Juma'a in ka hita sai ya ce, wata Juma'ar." Ta ja kayen ta rufe, ta tura mani. "Ni ban da abin da zan ce maka. Ɗauki ka tahi."

Mai gari bai koma ba tukuna, ya sauka wurin wani ɗan garinsu kusa da kasuwar dabbobi yana jiran motar ranar kasuwa. Washegari na same shi da hantsi a zaune bisa buzu. Na duƙa na gaya mashi duka, ban rage ba, na nuna mashi shafin ko da yake ba ya karanta boko. Ina tsammanin zagi, har ina fatan shi. Ya ja tasbaharsa, sa'annan ya dube ni.

"Da ka hwaɗi shina da rai," in ji shi, "da na taho na duƙa gabanshi kamar yadda ka duƙa yanzu. Na kira shi maƙaryaci gaban mutane. Shekaran jiya kuma na miƙe ina taƙama wai na yahe mashi. Yanzu maganganun ga da na hwaɗa mashi, ina za ni kai su?"

Na ce ya yafe mani. Ya ce ba shi ya faɗi a hanyar rijiya ba, kuma shi kansa yanzu mai neman yafiya ne wurin wanda ba ya amsawa. Ya miƙe ya naɗe buzunsa ya shiga ciki.

Na gaya wa shugaba. Ya ce abin ya wuce, kada in tayar da magana, masu ba da taimako ma sun ce ƙarshen shekara za a rufe tsohon tsarin, babu kuma wanda ya san ko za a kawo wani. Na gaya wa mahaifiyata. Tun ranar in na gaishe ta tana amsawa, amma ba ta ɗaga kai. Ƙauyen nan ban je ba tukuna. Sau biyu ina zuwa tasha, ina dawowa.

Don haka na rubuta, in an samu mai karanta wa mutane a Barmu da Tebaram da garuruwan da ke bayansu, a karanta. Wanda ya ce ku jira bai yi maku ƙarya ba. Yana likita da ido a ɗaure ranar da aka share saƙonninku, kuma ya ƙare kwanakinsa yana neman su. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa abin da ya ɗauka a madadina ya zame mashi nauyi a ma'aunin alheri. Ni ban san da wace fuska zan roƙa wa kaina ba.

Kayen na bisa teburina a biro, filastar na nan a karkace, ban gyara ta ba. Na ci gaba da kiran ƙauyuka daga inda ya tsaya. An fi shekara yanzu, sakatarori sun canza, wasu sun tafi bida, wasu lambobin sun mutu. Duk wanda na tambaya ya kan ce bai tuna ba. Wani dai ya hau tudu cikin zafin bazara ya rubuta wani abu, aka ce mashi an karɓa, ya sauka ya koma gida ya jira.